Zan ɗauki 'yar ƙawata riƙo, amma ƙaninta fa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah yau kar a tsaya a "Allah ya ba da lada" kawai. Ƙawata ce tun ta ƙuruciya, mijinta ya rasu bara, ita kuma larurar ƙwaƙwalwa ta kwantar da ita a asibiti, likitoci sun ce jinyar za ta ja lokaci. Yaranta biyu, mace mai shekara 8 da namiji mai shekara 4. Dangi sun zauna, kowa ya kawo uzurinsa, ƙarshe aka ce ko zan ɗauki macen, shi kuma namijin a kai shi gidan marayu kafin a ga abin da hali zai yi. Nawa biyu ne, duk maza, 11 da 6. Maigida ya ce "duk yadda kika gani." Jiya ban runtsa ba. Waɗanda suka taɓa riƙo, mene ne kuka so a ce an gaya muku tun kafin ku fara?

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam 'yata. Ni uku na riƙe, don haka ba labari aka ba ni ba. Ki yi don Allah, amma kar ki sa rai da komai. Tsintacciyar mage ba ta mage. Akwai wadda na ɗauko tana shekara biyar, ƙashin haƙarƙarinta kana iya ƙirgawa. Na yi jinyarta, na sa ta makaranta, na aurar da ita. Ranar auren, sai uwarta ta ɓullo, wadda ko sabulu ba ta taɓa aiko mata ba. Yarinyar nan ta ruga ta ƙanƙame ta tana kuka, ni aka bar ni tsaye kamar 'yar gayyar soɗi. Shekara goma ke nan, har yau in na tuna sai na ji abin a maƙoshi.

Baban Gida: Maman Biyu, ni magana ɗaya ta tsaya mini a rai. "Duk yadda kika gani" ba amincewa ba ce, zare hannu ne. Mu maza mun san me muke nufi in mun faɗi haka: in ta yi kyau da mu, in ta ɓaci ke kika ɗebo. Ki zaunar da shi ki tambaye shi dalla-dalla: kuɗin makaranta wa zai biya, in ta kwanta ciwo da tsakar dare wa zai tashi, in ta yi faɗa da ɗanka wa za ka goya wa baya? In ya amsa waɗannan da bakinsa, to ya yarda.

Barista: Na goyi bayan Baban Gida, in ƙara da takarda. Mutane suna ganin takarda rashin yarda ce tsakanin 'yan'uwa, alhali ita ce ke hana zumunci lalacewa daga baya. Riƙo daban yake da ɗaukar yaro ya koma ɗanka a doka. A riƙo, uwa tana nan a matsayinta na uwa, yaro yana nan da sunan ubansa, ke amana aka ba ki, kuma ana iya zuwa a karɓa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 20, ta jero hanyoyin da za a bi da yaron da ya rasa kulawar gidansu: riƙo, kafala ta shari'ar Musulunci, mayar da yaro ɗa na dindindin, sai a ƙarshe gidan renon yara idan ya zama dole. Ki lura da inda aka ajiye gidan marayu a jerin.

Ki je ofishin da ke kula da walwalar yara a inda kike, a rubuta cewa yarinyar tana hannunki da sanin wane da wane. Ki karɓi takardar haihuwarta, katin rigakafi, sakamakon makaranta. A rubuta wa ke da ikon sa hannu idan za a yi mata tiyata. A rubuta abin da uban ya bari da kuma wanda yake hannunsa. Na ga shari'o'in da kawun da ya ƙi ɗaukar yaro yana shekara biyar, ya dawo yana ihun an sace masa ɗa lokacin da yaron ya isa aike.

Nas: Ni hankalina yana kan ƙaramin nan. Yaro ɗan shekara 4, uba ya mutu, uwa ta ɓace masa, saura mutum ɗaya da ya sani a duniya, ita ma za a raba su? Akwai binciken da aka fara a Bukares ta ƙasar Romaniya a 2000, bayan gidajen marayun da mulkin tsohon shugaban ƙasar, Ceausescu, ya bari cike da yara. Yara 136 aka bi, rabi aka kai su gidajen riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda aka kai cikin iyali sun fi sauran kaifin fahimta, magana da shaƙuwa da mai reno, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Gaskiya yaran binciken ba su kai shekara uku ba lokacin da aka fara, wannan ya girme su, amma dalilin bai canja ba. A gidan marayu, ko ma'aikatan mutanen kirki ne, aikin karɓa-karɓa suke yi. Wadda ta kwantar da shi daban, wadda za ta tashe shi daban. Yaro kuwa fuska ɗaya yake nema wadda in ya yi kuka ita za ta zo, yau da gobe da jibi. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu ma sun ce kar a raba 'yan'uwan da suka shaƙu sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma in an raba su a bar su suna ganin juna.

Baban Gida: Nas, ki yi haƙuri, amma kar mu ɗora wa baiwar Allah nan laifin da ba nata ba. Ta zo da maganar yaro ɗaya, mun mayar mata biyu, alhali ba mu san faɗin ɗakinta ko abin da ke shigo musu a wata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanne ya fi muni: ta ɗauki ɗaya ta riƙe da kyau, ko ta ɗauki biyu don kunyar zaure, bayan wata huɗu ta gaza ta mayar da su duka?

Nas: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Yaron da ake ta yawo da shi daga wannan gida zuwa wancan, kowane sauyi sabon rauni ne. Idan ɗaya za ta iya, ta ɗauki ɗaya. Amma a nemo wa ƙanin gida kusa, ba a ce "kafin a ga abin da hali zai yi" ba. Wannan kalmar na san ta, shekara goma take kai wa.

'Yar Riƙo: Na daɗe ina karantawa ina gogewa. Ni aka riƙe, daga shekara bakwai har na gama sakandare, yanzu ni ma uwa ce. Hajiya Babba, da girmamawa, ki bar ni in yi miki bayanin yarinyarki, don ni ma na yi abin da ta yi.

Ranar da aka kai ni gidan da na tashi, kayana a leda suke. An nuna mini durowa aka ce tawa ce. Shekara biyu ban zuba kaya a ciki ba. In an wanke mini, sai in ninke in mayar cikin ledar nan in tura ƙarƙashin gado, don a raina kullum gobe za a ce in tafi. Matar ba muguwa ba ce, wallahi ta yi ƙoƙari, tare muke ci da 'ya'yanta, ɗinki ɗaya ake mana. Amma duk baƙon da ya zo sai ta ce "waɗannan nawa ne, wannan kuma ita ce yarinyar da muke riƙo," baƙon ya kalle ni ya ce Allah sarki, ya shiga yi mata addu'a. Ni na zama ladan da take nunawa. Kuma in na yi laifi irin na kowane yaro, na fasa kofi ko na dawo a makare, 'ya'yanta faɗa ake musu, ni kuwa tuni ake mini: "duk abin da muke miki." Gara a dake ni sau goma da wannan gorin. Ɗanki in ya yi laifi ya san ko sama da ƙasa za su haɗe nan ne gidansu. Ni laifina kullum yana iya zama na ƙarshe.

Yayana aka kai shi wani wuri. Sau uku na gan shi cikin shekara goma sha ɗaya. Yanzu muna gaisawa a waya kamar waɗanda suka haɗu a mota.

Uwata kuwa, na san ta gaza. Ba sai an gaya mini ba. Amma duk daren duniya ina kwana da tambayar me na yi ta bar ni. Ranar da ta zo na rungume ta, ba zaɓarta na yi a kan wadda ta raine ni ba. Yarinyar nan mai leda ce ta ga uwarta. Hajiya, da za ki kira taki ki tambaye ta, ina jin abin da za ta ce ke nan. In ta haihu wa take kira ta tambayi yadda ake yi da zazzaɓin yaro?

Hajiya Babba: Ni take kira.

Anti Malama: Allah sarki. 'Yar Riƙo kin sa ni hawaye a ofis. Maman Biyu, bari in gaya miki abin da za ki gani, don na koyar da irin yaran nan da yawa. Makon farko zuwa wata guda za ki ce mala'ika aka kawo miki: ba musu, ba ƙiwa, tana rige-rigen yi miki shara. Wannan ba tarbiyya ba ce, tsoro ne. Ranar da ta fara sakin jiki, ranar za ki ga fitsarin kwance, ƙarya a kan abin da bai kai a yi ƙarya ba, ɓoye abinci a ƙarƙashin filo har ya lalace. A nan mafi yawan masu riƙo ke cewa "halinta ya fito." Alhali gwada ki take, tana so ta ga iyakar inda za ki kore ta. In kin tsinci abinci a ɓoye kar ki tara mata jama'a. Ki nuna mata wuri ɗaya ki ce duk lokacin da kika ji yunwa ga shi nan, ba sai kin tambaya ba. Yaron da ya taɓa kwana bai san ko za a ci gobe ba, cikinsa ba ya yarda da alkawari, sai ya gani sau ɗari.

Sannan aikin gida. Duk abin da za ta yi, naki ma su yi. Mace ɗaya cikin maza biyu, kafin ki ankara ta zama 'yar aiki ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Ustaz: Abubuwa uku ta fuskar shari'a, tunda na ga uwar gida Musulma ce. Na ɗaya nasaba: aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Zaidu ɗan Harisa an daɗe ana ce masa Zaidu ɗan Muhammadu, ayar ta mayar masa da sunan mahaifinsa. Don haka a makaranta da asibiti sunan ubanta za a rubuta. Na biyu muharramci: shayarwar da ke haramta aure ta cikin shekara biyun farko ce, waɗannan yara sun wuce. Ke nan yarinyar ba muharramar mijinki ba ce, ba ta 'ya'yanki ba ce, haka namijin in ya balaga ba muharraminki ba ne. A raba makwanci tun yanzu, a koya wa kowa neman izini kafin shiga ɗaki, a yi shi a matsayin dokar gida ta kowa da kowa, kar ta ji kamar don ita aka kafa. Na uku gado: ba za ta gaje ku ba, amma ƙofar kyauta a buɗe take kuna raye, wasiyya ma har sulusin dukiya. Abin da ubansu ya bari kuwa wuta ne, aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta faɗa ƙarara. A rubuta, a ajiye, a miƙa musu da shaidu idan sun yi hankali.

Falalar kuma kowa ya san ta, hadisin da Bukhari ya ruwaito na mai ɗaukar nauyin maraya da yatsu biyu. Shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mahaifiyarsa ta rasu yana shekara shida, kakansa Abdul Muɗɗalibi ya riƙe shi, bayan shekara biyu ya koma hannun baffansa Abu Ɗalibi.

Maman Biyu: Malam, to in ta ce mini Mama fa, in hana ta?

Ustaz: A'a Hajiya, kiran girmamawa ba shi ne canja nasaba ba. Abin da aka hana shi ne a ɓoye wa yaro asalinsa.

'Yar Riƙo: Kar ki hana ta, kuma kar ki sa ta. Ki bar bakinta ya zaɓa. Tana da Mama, tana asibiti.

Mazauniyar Ingila: Bari in faɗi yadda ake yi a nan, ba don sun fi kowa iyawa ba, su ma wuya ce ta koya musu. Wanda zai zama mai riƙo a hukumance sai an yi watanni ana tantance shi: a binciki ko ya taɓa aikata laifi, likita ya duba shi, a zo gida a ga inda yaro zai kwana, a yi hira da 'ya'yansa, a tura shi horo. Irin naki kuma, na ƙawar uwa, yana da tasa dokar: duk yaron da bai kai 16 ba da zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba ɗan'uwa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma, jami'i ya riƙa zuwa duba shi duk mako shida a shekarar farko. An ƙara tsaurara abin bayan mutuwar wata yarinya mai suna Victoria Climbié a Landan a Fabrairun 2000. Iyayenta a Kodebuwa suka ba wata 'yar'uwar mahaifinta ita, wadda take matsayin kaka a gare ta, da niyyar ta yi karatu a Turai. Ta mutu tana shekara 8 da raunuka 128 a jikinta. Iyayen ba su yi zaton sharri ba, ai jininsu ce. Shi ya sa nake cewa ko kin yarda da kanki, ki bar wani idon yana shigowa gidanki. Mariƙin kirki ba ya tsoron a zo a tambayi yaro a keɓe.

Kuma a nan ana ba masu riƙon hukuma kuɗin kula da yaro duk mako, sannan tun 2014 yaro yana iya ci gaba da zama a gidan har ya kai 21, don an ga abin da ke faruwa da waɗanda ake sallama ranar da suka cika 18.

Hajiya Babba: Riƙon da ake biyan mutum kuma ina lada a ciki? Ai ya zama sana'a.

Ustaz: Hajiya, aya ta 6 a Nisa'i ta ce mawadaci ya kame, mabuƙaci ya ci gwargwadon abin da ya dace. Halimatus Sa'adiyya ma da ta zo neman jaririn shayarwa, da sa ran abin da iyaye za su bayar ta zo, kuma ba wanda ya ce darajarta ta ragu. Dangin da suka kawo uzuri, uzurin ɗaki suka kawo, ba na aljihu ba. A yanka wa kowa abin da zai riƙa bayarwa duk wata.

Barista: A rubuta shi ma.

Shugabar Zaure: Na goge saƙonni biyu masu tambayar sunan asibitin da hoton yaran. Maman Biyu kar ki turo, ko ta bayan fage.

Nas: Saura maganar uwar. Kar a ce wa yaran ta yi tafiya. Yarinya mai shekara 8 ta ga abin da ta gani kafin a kai uwar asibiti, wataƙila ma ita ke dafa wa ƙaninta abinci a watannin ƙarshe. A gaya mata da kalmomin da za ta ɗauka: Mama ba ta da lafiya, ciwon a ƙwaƙwalwa yake, likitoci suna ba ta magani, ba ke kika jawo ba. Wannan ta ƙarshen a maimaita ta. In likita ya ba da dama a kai su su gan ta, kuma ki shirya, daren da aka dawo daga ziyara yakan yi wuya. Irin wannan ciwon da yawa ana samun sauƙi a koma gida. Wata rana za ta iya zuwa ta ce a ba ta 'ya'yanta, lokacin kin riga kin saba da su.

Maman Biyu: Wannan ita ce wadda nake tsoro, ban dai faɗa ba.

Hajiya Babba: Za ki yi kuka, ba makawa. Ni na yi. Jiya da dare na kira tawa, mun fi awa muna magana. Ban tambaye ta maganar ranar auren ba, bakina ya kasa. Ita ce ma ta ce in zo in kwana biyu.

Maman Biyu: 'Yan zaure, kwana biyar ke nan, ga inda aka kwana. Na zaunar da maigida kamar yadda Baban Gida ya ce. Ya yi shiru ya fi minti goma, sannan ya ce shi tsoronsa kuɗi ne, ba yaran ba. Muka kira kawunsu biyu da goggonsu, an yanka wa kowa nasa, an sa hannu, ɗaya yana ta ƙunƙuni amma ya sa. Mun je ofishin walwalar yara, sun ce za su zo su ga gidan mako mai zuwa. Na tambayi yarana, babban ya ce ba komai, ƙaramin ya ce shi dai kar a taɓa masa keke.

Jiya aka kawo ta ta ga gida. Ba ta ce uffan ba, ta ƙi zama a kujera. Na nuna mata gadonta, ta daɗe tana kallo, sai ta auna faɗinsa da hannu ta ce, "Zai ishe mu ni da shi, ba ya juyi da yawa." Maigida yana bakin ƙofa. Ya fita waje, ya dawo ya ce a kawo su duka, za mu gwada, in ta yi nauyi goggon ta yi alkawarin karɓar namijin duk ƙarshen mako. Ban san ko za mu iya ba. Anti Malama, ledar nan da ake shimfiɗawa a katifa saboda fitsari, in sa tun yanzu ko in jira in gani?

Anti Malama: Ki sa tun kafin su iso.

'Yar Riƙo: Ki sa a gadon yaranki ma, duka huɗun. Za ta ɗaga zanin gado ta duba.